Fashin Baƙi: Me Gandun Bakin Teku Ke Iya Karewa, Me Ya Fi Ƙarfinsa?

Can tsakar dare, idan teku ya cika ya turo igiyarsa saman rairayi, uwar kunkuru takan fito daga ruwa tana jan ciki. Jikin da aka halitta domin iyo ba ya jin daɗin tudu, shi ya sa ba ta yin nisa sai ta tsaya ta ja numfashi. Idan ta wuce inda ruwa ke kaiwa, sai ta share wuri da hannayenta na gaba, ta yi wa kanta kwarmi, sannan ta sa ƙafafun baya tana kwaso yashi, wannan ta ɗebo wancan ta zubar, har ta haƙa rami mai siffar tulu. A ciki take zuba ƙwai kimanin 100, farare masu taushin ɓawo, girman ƙwallon tebur. Wanda ya matso kusa zai ga ruwa yana zuba daga idanunta, ya ɗauka kuka take yi. Gishirin da ya yi mata yawa a jiki ne take fitarwa ta nan. Ta binne ramin, ta watsa yashi ko'ina don ta ɓatar da sawu, ta juya ta koma ruwa. Tsakaninta da waɗannan ƙwai an gama ke nan, ba za ta ga abin da zai fito daga cikinsu ba.

Duk wannan aiki bai fi awa biyu ko uku ba. A kakar nasa ƙwai takan dawo sau uku zuwa biyar, kusan mako biyu-biyu a tsakani, daga nan ta ɓace shekara biyu, uku, wani lokaci huɗu. Namijin kuwa, tun ranar da ya shiga ruwa yana ɗan jariri, yawanci ba ya sake taka ƙasa. In aka haɗa lissafi, dabbar da za ta iya rayuwa gomman shekaru, 'yan awanni kaɗan take yi a bakin gaɓa. Kuma a kan waɗannan 'yan awanni ne ake gina yawancin gandun da ake keɓewa domin kare ta. Nan ne ƙarfin gandun yake, nan ne kuma rauninsa.

Gandun bakin teku wani yanki ne da hukuma ke shata wa iyaka, ta ce daga nan zuwa nan an hana wasu abubuwa: kwasar ƙwai, farauta, haƙar yashi, gine-gine, tuƙa mota a kan rairayi, sakin karnuka, wani lokaci har da kamun kifi a ruwan da ke gaban wurin. Dalilin da ya sa ake yawan haɗa tsuntsaye da kunkuru a gandu guda shi ne buƙatarsu ta zo ɗaya. Dukansu suna son siririn filin nan da ke tsakanin ruwa da tudu, inda babu inuwa, babu maɓoya, kuma dukansu a ƙasa suke ajiye ƙwai. Matsalar ita ce ɗan Adam ma nan yake so. Otal, tashar jiragen ruwa, gidan shaƙatawa, kududdufin kiwon jatan lande, duk a wannan siririn fili suke neman gurbi.

Kunkurun teku iri 7 ne a duniya. Akwai kore, wanda kitsen jikinsa ne ya ba shi sunan, don ciyawar ƙarƙashin ruwa yake ci. Akwai mai bakin shaho, wanda kyan ƙoƙon bayansa ya zame masa jarraba, aka yi ta kashe shi ana yin mataji da kayan ado. Akwai mai ƙaton kai, da mai launin zaitun, da ɗan'uwansa ƙarami da ake kira kunkurun Kemp, da mai shimfiɗaɗɗen baya wanda a Ostireliya kaɗai yake nasa ƙwai. Sai babbansu, mai bayan fata, wanda tsawonsa kan kai kusan mita 2, nauyinsa ya haura kilo 500. Mai bakin shaho da kunkurun Kemp su ne ƙungiyar IUCN, mai ajiye kundin halittun da ke fuskantar barazana, ta sa a matakin da ke dab da ƙarewa.

To me gandu ke yi musu a zahiri? Babban aikinsa sintirin dare ne. Masu gadi suna taka rairayi da ƙafa, ba fitila sai ja mai rauni, suna neman sawun kunkuru, wanda yake kama da sawun tayar tarakta ya fito daga ruwa ya koma. Inda suka ga rami sai su sa alama, su rubuta rana, wani lokaci su ɗora ragar ƙarfe a kai don kada kare ko alade ko dila su tone. In ramin ya yi kusa da ruwa har ana tsoron igiya ta cinye shi, sai a kwashe ƙwan a kai wani wuri. Wannan aiki yana da ƙa'ida mai tsanani: a yi shi cikin 'yan awannin farko, kuma kada a juya ƙwan. Bayan wannan lokaci ɗan tayin yana manne wa ɓawo ta ciki, juyi ɗaya ya isa ya kashe shi. Kuma aikin ba na wasa ba ne ga mai yin sa, domin inda ƙwai ke da kasuwa, masu kwasa ba sa zuwa hannu rabbana. A watan Mayun 2013 aka kashe wani matashi mai wannan sintiri, Jairo Mora, a gaɓar Moín ta ƙasar Kosta Rika.

Bayan kamar wata biyu sai 'ya'yan su ƙyanƙyashe. Sukan yi kwanaki suna haƙo hanya tare, na sama suna rusa rufin, na ƙasa suna tattake yashin da ya zubo, har su iso dab da waje su tsaya. Sai yashi ya huce, alamar dare ya yi, sannan su fashe su fito gaba ɗaya. Babu mai nuna musu hanya. Abin da suka sani kawai shi ne su nufi inda sararin sama ya fi haske kuma ya fi ƙasa, su ba duhun tudu baya. Tun fil'azal wannan ɓangare shi ne teku. Yau kuwa fitilar otal ko ta titi ta fi teku haske, sai ka ga 'yan kunkuru sun ɗunguma sun nufi kwalta, gari ya waye musu a can, rana ta gasa su ko tsuntsaye su tsince su. Shi ya sa a wurare irin su jihar Florida ta Amurka ƙananan hukumomi da yawa suka kafa dokar fitila a kakar ƙwai: a kashe, ko a rufe ta gefen teku, ko a sauya zuwa ja ko ruwan ɗorawa mai rauni. Doka ce mai arha, amma sai an shawo kan wanda gidansa ke wajen iyakar gandun, domin haske ba ya tsayawa a bakin shinge.

Ta ɓangaren tsuntsaye, matsalar masu sheƙa a gaɓa ta fi ban tausayi saboda ƙanƙantarta. Ɗauki ɗan tsuntsun nan mai launin yashi da ake kira piping plover a gaɓar Amurka ta Arewa. Sheƙarsa ɗan kwarmi ne a rairayi, ƙwai huɗu masu ɗigo-ɗigo, in ba a nuna maka ba sai ka taka ka wuce. Wannan saje ya wadatar a kan hankaka da yanyawa, amma bai san tayar mota ba. Ba ma sai an taka ƙwan ba: duk lokacin da mutum ko kare ya matso, uwar takan tashi ta yi ta jan fiffike kamar ta karye don ta janye hankalin maƙiyi, ƙwan kuma yana nan a buɗe cikin rana. A maimaita haka sau da yawa a wuni, sheƙar ta lalace ba tare da kowa ya san ya yi ɓarna ba. A 1986, lokacin da dokar kariya ta fara aiki a kansa, ma'aurata 790 aka ƙidaya a gaɓar Atlantika. Da igiya da turaku da allunan gargaɗi da rufe wasu sassan gaɓa na 'yan watanni, adadin ya haura ninki biyu. A nan gandu ya yi aikinsa, domin illar a kan rairayin take, maganin ma a kan rairayin yake.

Inda lissafin ke rikicewa shi ne idan illar tana wani wuri dabam.

A 1987 wata masaniya, Deborah Crouse, da abokan aikinta suka zauna da alƙaluman kunkuru mai ƙaton kai na kudu maso gabashin Amurka, suka yi wata tambaya mai sauƙi: a wane mataki na rayuwarsa ne ceto ya fi amfani? Amsar ba ta yi wa masu aikin gaɓa daɗi ba. Lissafin ya nuna ko da za a ceci kowane ƙwai, ba a rasa ko ɗaya ba, jinsin zai ci gaba da raguwa muddin ana kashe matasa da manya a teku. Dalilin a fili yake idan aka natsu. Kiyasin da aka fi ambata shi ne ɗan kunkuru ɗaya cikin 1,000 ke kai wa ga girma. Ƙaguwa ta ci, tsuntsu ya ci, kifi ya ci, haka tsarin yake tun asali, shi ya sa uwar take zuba ƙwai da yawa. Amma wanda ya tsallake duk wannan ya shekara 15 ko 20 a ruwa, ya zama jari mai tsada. Mutuwarsa guda a cikin taru daidai take da asarar ɗaruruwan ƙwai. Mai gadin da ya kwana yana tsaron rami, alhali jirgin kamun jatan lande yana nutsar da iyaye a ruwan da yake hangowa, ɗiban ruwa yake da rariya.

Kunkuru da huhu yake numfashi. In taru ya ja shi a ƙarƙashin ruwa ya hana shi tasowa, nutsewa yake yi kamar kowace dabbar tudu. Maganin da aka samo wani ƙarfe ne mai sanduna kamar na taga, ana sa shi a karkace a wuyan tarun. Jatan lande yana wucewa ta tsakanin sandunan ya shiga jaka, kunkuru kuwa ya bugi ƙarfen ya zame ya fita ta wata ƙofa da aka bari. Amurka ta fara wajabta shi a ƙarshen shekarun 1980, masunta suka yi ta tirjiya suna cewa yana zubar musu da kamu. Daga baya ta ce ba za ta sayi jatan lande daga ƙasar da ba ta ɗauki irin wannan mataki ba, har Indiya da Pakistan da Maleshiya da Tailan suka kai ta ƙara gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, aka yanke hukunci a 1998. Dubi inda maganar kunkuru ta kai: daga rami a yashi zuwa zauren shari'ar ciniki a Jeniba.

Labarin kunkurun Kemp shi ne ya fi nuna yadda ɓangarorin biyu ke buƙatar juna. Kusan dukkan jinsin a gaɓa ɗaya yake nasa ƙwai, wajen Rancho Nuevo a ƙasar Meksiko, kuma da rana tsaka, cikin ayari. A 1947 wani ɗan ƙasar ya ɗauki hoton irin wannan fitowa, inda aka daɗe ana kiyasta iyaye kimanin 40,000 a wuni guda. Meksiko ta fara tsaron wurin a 1966, Amurka ta shigo aikin a 1978. Duk da haka adadin bai daina faɗuwa ba, har a 1985 ramuka 702 kacal aka samu a duk shekarar. Wanda ya duba a lokacin zai ce shekara 19 na gadi sun tashi a banza. Abubuwa biyu ne suka haɗu. Na farko, 'ya'yan da aka ceta sai sun shekara goma ko fiye kafin su dawo. Na biyu, taru yana cin su a hanya. Da aka toshe kafar tarun, sai adadin ya fara hawa, zuwa 2009 ramuka sun kai wajen 20,000. Bayan nan hawan ya yi tangal-tangal, amma jinsin ya bar bakin kabari.

Kishiyar wannan ita ce Rantau Abang a jihar Terengganu ta Maleshiya. A shekarun 1950 ana samun ramukan mai bayan fata kimanin 10,000 a shekara a wannan gaɓa. Shekara da shekaru ana kwashe kusan dukkan ƙwan ana sayarwa, amma iyayen suna ta dawowa, kowa ya ɗauka lafiya lau. Abin da ba a lura da shi ba shi ne tsofaffin ne ke maimaita zuwa, babu sabbi a bayansu. Da tsofaffin suka fara ƙarewa, taru kuma yana taimakawa, sai abin ya rushe. Lokacin da aka hana cinikin ƙwan a ƙarshen shekarun 1980, ihu ne bayan hari. Zuwa farkon shekarun 2000 ramukan da ake gani ba su wuce a ƙidaya da yatsu ba.

Wannan jinkiri shi ne abin da ya fi wahalar fahimtarwa ga masu riƙe da kuɗi da masu mulki. Koren kunkuru kan kai shekara 25 ko fiye kafin ya fara haihuwa. Iyayen da ake ƙidayawa a gaɓa bana sakamakon abin da aka yi ne, ko aka ƙi yi, tun kafin a haifi wasu daga cikin masu ƙidayar. Ɓarnar yau ba ta nunawa yau, gyaran yau ma haka. A Tortuguero ta Kosta Rika, inda masanin nan Archie Carr ya fara bincike a shekarun 1950 aka kuma mai da wurin gandun ƙasa a shekarun 1970, sai da aka tara ƙidayar fiye da shekara 30 kafin a iya cewa da ƙarfin gwiwa ramuka sun ninka fiye da sau huɗu tsakanin 1971 da 2003. A 2025 IUCN ta cire koren kunkuru daga jerin masu fuskantar barazana a matakin duniya, duk da cewa wasu yankuna har yanzu suna cikin matsala. Girbin shukar rabin ƙarni ke nan. Aikin tallafi na shekara uku ba zai taɓa ganin irin wannan sakamako da idonsa ba, shi ya sa a ganina yawan 'ya'yan da aka saki cikin ruwa, adadin da rahotanni ke son bugawa da manyan baƙaƙe, ma'auni ne mai yaudara. Yana nuna an yi aiki. Ko aikin ya yi amfani, sai an jira.

Tsuntsaye masu ƙaura su ma haka lamarinsu yake, sai dai nasu a nisa ne maimakon a shekaru. Akwai wani mai jan ƙirji da ake kira red knot, bai fi cika tafin hannu biyu ba, wanda wasu daga cikinsa kan tashi daga ƙarshen kudancin Amurka ta Kudu zuwa yankin ƙanƙara na arewacin Kanada, tafiyar kusan kilomita 15,000. A hanya yana yada zango a mashigin Delaware da ke gabashin Amurka a watan Mayu, daidai lokacin da wata halitta mai ƙoƙo kamar kofaton doki ke fitowa zuba ƙwai. Cikin kamar mako biyu tsuntsun kan ci ƙwan nan har nauyinsa ya kusa ninkawa, da wannan kitse zai ƙarasa tafiya ya yi sheƙa. A shekarun 1990 aka yi ta kama halittar ana yin abincin tarkon kifi da ita, ƙwai ya ragu, tsuntsayen suka riƙa tashi da rama, adadinsu ya faɗi warwas. Gandun da ke kudu bai yi laifi ba, na arewa ma haka. Zango ɗaya ne a tsakiya ya lalace.

Mafi muni ya faru a Tekun Rawaya, tsakanin Sin da zirin Koriya. Filayen laka da teku ke janyewa ya bari, waɗanda idon ɗan kwangila ke gani a matsayin wofi, su ne rumbun tsuntsayen da ke tafiya tsakanin Saberiya da Ostireliya. Bincike da hotunan tauraron ɗan Adam ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan filaye sun salwanta cikin shekara 50. A 2006 Koriya ta Kudu ta rufe katangar Saemangeum mai tsawon kilomita 33, ta raba wani makeken fili da teku. An yi ta cewa tsuntsayen za su koma wani wuri. Masu ƙidaya suka bi sawu, ba su gan su a wani wurin ba, a Ostireliya ma aka ga gibin. Dubun-dubata ne suka ɓace. Ɗan tsuntsun nan mai baki kamar cokali, wanda ke sheƙa a arewa maso gabashin Rasha ya yi hunturu a Myanmar da Bangaladash da maƙwabtansu, yanzu duk duniya bai kai 1,000 ba, kuma ta wannan hanya yake bi. Sin ta taƙaita cike gaɓa a 2018, wasu filayenta suka shiga kundin wuraren gado na duniya na UNESCO a 2019, na Koriya a 2021. An rage gudu, amma lakar da aka riga aka yi wa siminti ta tafi.

Saboda irin wannan ne aka ƙulla yarjejeniyar Ramsar a ƙasar Iran a 1971 kan wurare masu dausayi, da ta CITES a 1973 kan cinikin halittun da ke cikin haɗari. Tunanin shi ne gandu ɗaya ɗan zobe ne a cikin sarƙa. Misali mai kyau yana Afirka ta Yamma. Tsibirin Poilão a Gini Bisau yana cikin manyan wuraren nasa ƙwai na koren kunkuru a duk nahiyar, kuma tun kafin gwamnati ta mai da shi gandu a 2000, mutanen Bijagó suna ɗaukarsa wuri mai alfarma da ba kowa ke sauka ba. Da aka maƙala wa wasu iyaye na'urar bin sawu, sai aka ga wasunsu sun miƙe arewa kimanin kilomita 1,000 zuwa Banc d'Arguin a Muritaniya, inda ciyawar ruwa take. Wannan kuma gandu ne tun 1976, mai faɗin murabba'in kilomita 12,000, inda tsuntsayen gaɓa har kimanin miliyan 2 daga Turai da Saberiya kan yi hunturu. Ɗakin haihuwa a wata ƙasa, wurin kiwo a wata, ruwan ƙasashe da dama a tsakani.

Banc d'Arguin ya kawo mu ga tambayar da ta fi kowace zafi: mutanen da aka tarar a wurin fa? Masuntan Imraguen suna zaune a cikin gandun, kuma dokar ta bar musu kamun kifi da jiragen filafilai, ta hana masu inji. Wato an ba su abin da na waje ba shi da shi, don haka suna da dalilin tsare wurin. Kosta Rika ta yi abin da ya fi wannan jawo ce-ce-ku-ce a Ostional. A can kunkuru mai launin zaitun yana fitowa ne dubbai-dubbai cikin 'yan kwanaki, har na baya suna tone ramukan na gaba, ƙwai ya fashe ya ruɓe a yashi. Tun 1987 doka ta yarda ƙungiyar mazauna garin ta kwashi ƙwan awanni 36 na farko ta sayar, su kuma su tsare sauran, su share gaɓa, su raka 'ya'yan zuwa ruwa. Masu suka suna cewa ƙwan halal yana ba na sata mafaka a kasuwa, kuma wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Haka nan tsarin ba zai kwaikwayu a gaɓar da iyaye 50 ke zuwa ba, don can babu rarar da za a ɗiba. Amma ni dai na fi gamsuwa da gandun da maƙwabtansa ke cin moriyarsa a fili bisa wanda aka zana a taswira daga babban birni, aka ba mutum huɗu babur ɗaya aka ce su tsare kilomita 40. Irin wannan na biyun suna da yawa, sunansu gandu, a ƙasa kuwa ba abin da ya sauya sai allo a bakin hanya.

Yawon buɗe ido ma takobi ne mai kaifi biyu. Kuɗin tikiti yana biyan masu gadi, yana mai da tsohon mai kwasar ƙwai ɗan jagora. Amma uwar kunkuru kafin ta fara zuba ƙwai tana da saurin firgita, hasken waya ɗaya ko hayaniya sun isa su mai da ita ruwa. Wurare irin su Ras al Jinz a Oman sun ƙayyade adadin masu shiga, a rukuni, bayan ɗan jagora, ba walƙiyar kyamara. Inda aka saki abin sakaka, masu kallon ne ke korar abin da suka zo kallo.

Sai kuma abin da babu shingen da zai tare shi. Jinsin ɗan kunkuru zafin yashi ne ke ƙayyade shi a tsakiyar lokacin kwanci. A wajen digiri 29 ana samun maza da mata kusan daidai. In ya haura mata su rinjaya, in ya sauka maza, in ya yi tsanani sosai ƙwan ya mutu. Wani bincike da aka buga a 2018 kan koren kunkuru na arewacin babban shingen murjani na Ostireliya ya gano fiye da kashi 99 cikin 100 na matasan da suka fito daga gaɓoɓin yankin mata ne. Na ɗan lokaci wannan kan iya zama kamar riba, tunda namiji ɗaya yana isar mata da yawa, ramuka ma su ƙaru. Tambayar ita ce ranar da tsofaffin mazan suka ƙare. Ana gwada yi wa ramuka inuwa, ana gwada yayyafa musu ruwa, kuma yana rage zafin, sai dai abin da za a iya yi wa rami 200 ba zai yiwu a kan dubun-dubata ba.

Teku kuma yana ƙara hawa. A gaɓar da babu gini, rairayi kan ja da baya sannu a hankali, tudun yashi ya matsa ciki, kunkuru da tsuntsu su bi shi. In akwai katanga ko titi ko otal a baya, rairayin ba shi da wurin zuwa, sai ya yi ta sirancewa tsakanin ruwa da siminti har ya ƙare. A tsibirin Raine na Ostireliya, inda koren kunkuru ke taruwa fiye da ko'ina a duniya, ruwa ya riƙa shiga ramuka ta ƙasa yana kashe ƙwai, har sai da aka kai manyan injuna aka ɗaga yashin wasu sassan gaɓar. Shi ya sa masu tsara gandu a yanzu suke faɗan neman filin da ke bayan rairayi, wanda yau ba kunkuru ko ɗaya a cikinsa, kuma wanda ya fi ko'ina tsada a idon masu gini. Da yawa daga cikin iyakokin da ake da su an shata su ne a kan inda bakin ruwa yake a shekarun 1970 da 1980, kuma a wurare da dama bakin ruwan ya riga ya bar nan.